Rumbun Fatake a Gidan Labbo

Litinin, 3 ga Rabi'ul Ahir 1345, bayan la'asar. Gusau.

Takardun nan don lissafi na saye su, ba don surutu ba. Amma yau in ban rubuta ba zan fashe, ga shi matata Ma'u ta ce ta gaji da jin muryata tun azahar.

Malam Sabiru mai ƙidayar haraji ya shigo gidana da hantsi. Yaro ne, na san ubansa tun yana tufka igiya a bakin kasuwa. Ya ƙirga mutanen gida, ya ƙirga awaki, ya ga goɗiyata ya rubuta. Har zai fita sai ya hango babban rumbu a bayan ɗakin Ma'u. Ya ce a kawo tsani. Ni da kaina na riƙe masa. Ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya sauko yana kaɗe riga.

Ya ce, "Baba Labbo, rumbun ga ya ci dame ɗari da arba'in. Ga shi kuwa an rubuta ka manomi mai gona guda."

Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan sana'a. Fatake ashirin da uku, masu jakuna sittin, da ke bin hanyar Tsafe da Gusau da Bungudu, kowa yana kawo mini damen dawa ɗaya a kan kowane jaki idan an yi girbi. Ina zubawa a rumbu, ina rubutawa. Wanda jakinsa ya mutu, ko kura ta kama, ko ruwa ya ci, sai a buɗe rumbu a sayar da dawa a saya masa wani. Ni ladana ushira ne, ɗaya cikin goma. Dame shida a shekara, ka ji duk arzikin Labbo. Na ce masa lamuni muke kiran abin.

Ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya ce shi ba ya da gurbin lamuni. Akwai manomi, akwai bafatake, akwai maƙeri da masaƙi da mahauci, akwai attajiri. Ya ce, "In hatsin ga naka na, attajiri za ni rubuta, fam biyu da sule goma. In na mutane na, ba ni sunansu. Kwana bakwai nib ba ka."

Fam biyu da sule goma! Ni da bara na biya sule shida. Har mai wanzanci yana da gurbi a takardar, amma mutumin da ya hana gida ashirin da uku kwana da kuka ba shi da suna.

Leƙawa kawai ya yi, bai zura hannu ba.

Talata, 4 ga wata, da hantsi.

Madugu Buba, wanda shi ne babban fataken, ya zo tun ban gama karin kumallo ba. Labari ya riga ya kai masa. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce, "Labbo, kak ka kuskura ka hwaɗi sunan kowa. Dut manoma anka rubuta mu. In anka ji muna da jakkai muna hwatauci, an ninka muna haraji sau ukku."

Na ce to ni fa? Ya ce ai ni mai ilimi ne, in yi dabara. Haka suke. Ranar da jaki ya mutu ni ne uban kowa, ranar haraji kuwa ni ne mai ilimi.

Sai ya kawo tasa dabarar. Wai a kwashe dawar a raba ta ƙananan rumbuna uku, ɗaya a Damba wajen ƙanena, biyu a gidajen surukansa, in Sabiru ya dawo a ce idonsa ne ya yi masa gizo. Ya ce gobe zai turo jakuna goma. Na ce ba wanda zai taɓa rumbun nan. Ya ce don me? Na ce dawar shekara uku ba a motsa ta, sai ta zube, ƙwari su shiga. Ya dube ni ya ce shi bai taɓa jin haka ba. To, yau ya ji.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar.

Na kwana biyu ina juya lissafi. Na je wajen liman na tambaye shi ko za a iya kiran hatsin sadaka ce da aka ajiye don mabukata. Ya ce sadaka ba a cire mata ushira. Na ce to a kira shi ajiya. Ya ce ajiya tana da masu ita. Ko'ina na bi sai in dawo kan sunaye.

Na gwada raba gidan biyu a takarda, rabi ni, rabi ƙanena. Ya ƙi, wai kada in jawo masa. Wannan ƙanen da na yi wa aure da kuɗina.

Wata ɗaya kawai nake nema. Da an yanke dawa sababbin dammuna za su shigo, kuma kafin nan saƙon da nake jira daga garin Wonaka ya iso. Komai zai koma daidai, ba wanda zai ce uffan. Shekara goma sha ɗaya ban ci ƙwayar kowa ba.

Jumma'a, 7 ga wata, bayan masallaci.

An ce ruwa ya ci jakunan Jibo, ɗaya daga cikin fataken nan, a mashigin Bungudu. Uku.

Lahadi, 9 ga wata, da la'asar. Bungudu.

Na hau goɗiya na zo da kaina, don ba na biyan jaki sai na ji yadda ya mutu. Haka ƙa'idata take tun farko, kada wani ya ce yau na ƙirƙiro ta.

Jibo ɗan 'Yankuzo ne ta ƙasar Tsafe, shekara huɗu yana cikinmu, gishiri da kanwa yake kaiwa ƙauyuka. Masu fito sun ce ya iso ranar Laraba, gulbi ya sauka sosai, mutane na ƙetarewa ruwa iya gwiwa. Ashe an yi ruwan ƙarshen damina can sama. Yana tsakiya sai ruwa ya taso. Jakunan a ɗaure suke da igiya ɗaya, na gaba ya faɗi ya ja sauran. Shi kansa da ƙyar aka fizgo shi, dutse ya fasa masa ƙafa, 'yan'uwansa sun ɗauke shi zuwa gida.

Na tambaye su ko an gargaɗe shi. Suka ce a'a. Na tambaya ko kayan sun yi wa jakunan yawa. Suka ce daidai ne. Na tambaya ko bayan faɗuwar rana ya shiga, don wanda ya shiga ruwa da duhu ba na biyansa. Suka ce rana tsaka. Wani tsoho cikinsu ya ce, "Malam, kai biyan shi kaz zo yi, ko laihi kaz zo nema mai?"

Ina ruwansa? Shi ya taɓa riƙe amanar mutum ashirin da uku? Kuma wane mai hankali ne zai ɗaure jaki uku da igiya ɗaya a cikin gulbi? Na sha faɗa musu. Sai dai ban taɓa rubuta shi cikin ƙa'ida ba, wannan na duba.

Jaki yanzu fam guda ne a kasuwa. Uku, fam uku.

Litinin, 10 ga wata, bayan magariba. Gusau.

Wa'adin Sabiru ya cika. Ya zo zaure, Buba da mutum biyar suna zaune a ƙofar gida suna yi kamar inuwa suka zo sha. Ya buɗe takarda ya ce, "To, Baba, na wa na?"

Na ce nawa ne.

Ya ce, "Dame ɗari da arba'in?" Na ce haka ka gani. Ya daɗe yana kallona kafin ya tsoma alƙalami. Ya rubuta attajiri, ya ce a biya kafin wata ya mutu.

Da ya tafi sai suka shigo suna ta sa mini albarka. Buba ya ce ba a taɓa yin amintacce irina ba a ƙasar Zamfara. Wani har ya kama hannuna da hannu biyu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ma'u ta kawo musu ruwa, ta ajiye ƙwarya da ƙarfi har ya fantsama a tabarma, ta koma ciki ba ta gaishe da kowa ba.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi.

Na zazzage gafaka na duba takardun Jibo. Dame biyu ne a rubuce, na jaki biyu. Na ƙirga sau uku. Biyu. Alhamdu lillahi, fam guda ya ragu.

Na faɗa wa Ma'u tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ukku na. Da bazara yas sayi baƙin jakin nan, yak kawo dame nai nan gidan ga. Ni nik karɓa. Kana Wonaka."

Na ce abin da ba a rubuta ba babu shi. Ta ce, "Wa ad da alƙalami, ni ko kai?" Na ce mata harkar maza ce. Ta ce ita ma haka ta ɗauka da, har ranar da aka sa ta ciki.

Na tattara takarduna na koma zaure. Mace in ta so faɗa ko gaisuwa ka yi sai ta samu abin kamawa.

Asabar, 15 ga wata, da safe. Tsafe.

Kwana biyu a hanya, bayana kamar an daka. Jiya da yamma na ƙarasa 'Yankuzo na ga Jibo, yau na kwana a Tsafe wajen wani aboki.

Na same shi kwance a zaure, ƙafa ɗaure da tsumma da ganye. Yana ganina ya yunƙura zai tashi, na hana shi. Ya sa aka yanka mini zakara. Mutumin da ba shi da ko jaki ɗaya, zakara! Na ce kada a yi, kafin in rufe baki an fige shi.

Na yi masa jaje, sannan na ce a takarda biyu ne. Na shirya amsoshi tun daga hanya, na san zai yi gardama, zai ce a kira Ma'u, zai rantse. Sai kawai ya ce, "In biyu kar rubuta, Baba, biyu na. Ƙila ni nim manta. Takardarka ba ta ƙarya."

Ya ce shi bai damu ba. Tun da ruwa ya tafi da su yake gaya wa matarsa ta daina kuka, rumbu yana nan gidan Baba Labbo. Ya ce in ƙafa ta warke kafin auduga ta fito zai kama jigila ya biya harajinsa. In babu jaki kuwa sai dai ya bi masu zuwa aikin hanyar jirgi, ya bar yara huɗu da tsohuwa.

Wa ya tambaye shi duk wannan? Na zo maganar dame, ya ɗora mini yara huɗu da tsohuwa. Naman zakaran ma tauri gare shi, ban iya ci ba.

Talata, 18 ga wata, bayan la'asar. Gusau.

Buba ya zo da magana wai mai daɗi. Sun yi shawara, tunda na rufa musu asiri ba za su bar ni da haraji ni kaɗai ba. Ranar Jumma'a ta sama, 28 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, duka ashirin da ukun za su taru a gidana a buɗe rumbu kamar yadda aka saba, a dama fura, a fitar da na jakunan Jibo, a kuma fitar da dame hamsin a sayar a biya fam biyu da sule goma.

Na ce a bari sai an yanke dawa. Ya ce Jibo ba zai iya jira ba, Sabiru ma haka. Na ce farashi ya faɗi yanzu, asara ce. Ya ce asarar tasu ce, sun yafe. Na ce ni zan buɗe ni kaɗai in kawo musu kuɗi. Ya yi dariya ya ce, "Labbo, shekara goma sha ɗaya kai ka cewa ba a buɗe rumbu sai gaban kowa. Yau mi yaf faru?"

Ba abin da ya faru. Mutum ba shi da ikon ya gaji da dafa wa ƙattai ashirin da uku fura?

Alhamis, 20 ga wata.

Na je Wonaka. Na dawo.

Jumma'a, 21 ga wata, bayan asuba.

Gidan mutumin Wonaka da na danƙa wa dawar rumbu, jiya na tarar an toshe ƙofarsa da ƙaya. Maƙwabta sun ce tun kafin a cire gyaɗa ya kwashe iyalinsa, wasu sun ce Kwatarkwashi, wasu sun ce ƙasar Faransawa can arewa. Gonar ma ashe ba tasa ba ce. Mutumin da ya dafa Alƙur'ani a gabana. Mutumin da ya ce mini jirgin ƙasa na zuwa Gusau, buhu ɗaya zai zama uku, kowa cikin fataken nan sai ya gode mini.

Ba zan rubuta sunansa a takardata ba.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi.

Sabiru ya zo shi kaɗai, ba takarda a hannu. Ya ce wucewa yake ya ce bari ya gaishe ni. Muka gaisa. Ya yi ta murza hula, sannan ya ce, "Baba, ni ɗan ƙauye na. Tun ina yaro nike hawan rumbu. Rumbun da ac cike, in ka jingina mai tsani ba ya amsawa. Naka ya amsa."

Na ce ban gane ba.

Ya ce shi abin da ke akwai yake rubutawa. In na kira shi ya auna da sanda a gaban shaidu, ya tarar ba haka ba ne, zai gyara takarda in koma sule shida. Ba zai iya gyarawa a ɓoye ba, don an riga an kai lissafi gaba, sai da shaidu. In ban kira shi ba, to fam biyu da sule goma, ranar Asabar.

Na ce masa rumbuna cike yake, kuma ubansa bai taɓa yi mini irin wannan magana ba. Ya ba ni haƙuri ya tafi. Ɗan mai igiya zai koya mini sautin rumbu! Na zauna a zaure ina huci har aka kira azahar.

Litinin, 24 ga wata, bayan la'asar.

Na sayar da goɗiya. Shekara takwas tana ƙarƙashina. Fam uku da sule biyu, bayan dillali ya ci nasa. Ta juyo tana kallona da aka ja ta, na yi kamar ina gyara takalmi.

Ga kuɗin nan a gabana. Na jera su a kan tabarma, na raba, na haɗa, na sake rabawa. In na biya Sabiru, saura sule goma sha biyu, ko jaki ɗaya ba su saya ba. Amma zan zama attajiri mai rumbu cike a takardar hukuma, in ce wa Buba na biya da kaina ba sai an buɗe ba, in lallashi Jibo ya jira girbi. Wata ɗaya ne. Ƙila biyu. Ƙafarsa ma ai ba ta warke ba.

In na sayi jakuna kuwa, babu na biyan Sabiru. Sai dai sanda da shaidu.

Duk shekarun nan ina koya wa mutane su ajiye kaɗan don ranar tsiya. Ba wanda ya taɓa ajiye mini ko zangarniya.

Talata, 25 ga wata, da safe.

Na gaya wa Ma'u na yanke shawara, Sabiru zan biya. Tana wanke tukunya, ta tsame hannu ta goge a zane, ta zo ta tsaya a kaina. Shekara ashirin da shida muna tare ba ta taɓa tsayawa a kaina ina zaune ba.

Ta ce, "Malam, haraji za ka biya ma kara? Kwana tara ina miƙa ma shi kana bisa tsani, ina kallon ƙohwa kar wani ya shigo. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko uwata. Nac ce miji na, ya yi kuskure, shina gyarawa. Amma ka kai kuɗɗin ga don a ci gaba da ce ma attajiri, yaron can na kwance da ƙahwa hwashe, wanga ba ni ciki. In Madugu yat tambaye ni, ni kam ba ni rantsuwa bisa ƙarya."

Na ce ta fita mini daga zaure. Ta ce ai ba zaure muke ba, tsakar gida ne, kuma tukunyarta take wankewa.

Ban ci amanar kowa ba. Juya ta na yi don ta ƙaru. Akwai bambanci, ko da duk garin nan ba mai hankalin da zai gan shi.

Laraba, 26 ga wata.

Ban fita ba.

Alhamis, 27 ga wata, bayan la'asar.

Na je kasuwar dabbobi da ƙafa. Mutane na tambaya ina goɗiya, na ce tana hutawa. Na duba haƙora, na duba kofato, na murɗa wutsiya, na yi ciniki har dillali ya ce in ji tsoron Allah. Na sayi biyu, na kama hanya. Na kai bakin kasuwa na tsaya. Na koma.

Baƙi ne na ukun, kamar wanda ruwa ya ci. Saura sule biyu a aljihuna.

Na aika wa Sabiru ya zo gobe bayan masallaci, ya zo da sandarsa.

Jumma'a, 28 ga wata, bayan magariba.

Sun zo duka. An ɗauko Jibo a kan jakin aro. Ma'u ta dama fura ƙwarya huɗu kamar kowace shekara. Suna cikin sha sai ga Sabiru da sanda, da mai unguwa. Kowa ya ajiye ludayi. Buba ya harare ni, na kau da kai.

Sabiru ya nufi tsani, na ce a'a, ni zan hau. Na cire murfi. Na fara miƙo dammuna ana karɓa. Ɗaya, biyu, har goma sha tara. Daga nan na jefo kara. Na jefo wani. Na yi ta jefowa, ƙura na shiga mini ido, har ya taru ya kai gwiwar mutum, ba wanda ya ce in daina. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na ji wani ya ce inna lillahi, a hankali, shi ke nan.

Da na sauko Sabiru ya zura sanda har ƙasa, ya zaro, ya nuna wa mai unguwa. Sannan ya juya ga mutane ya ce, "Akwai mai hakki cikin rumbun ga? In akwai, shi hwaɗi sunanai in rubuta."

Mutum ashirin da uku. Na ga jijiyar wuyan Buba tana motsi. Na ga wanda ya kama hannuna da hannu biyu yana kallon ƙasa. Dawarsu ta shekara uku, kuma ba mai iya buɗe baki ya ce tasa ce. Sabiru ya jira, ya sake tambaya, sannan ya soke attajiri ya rubuta manomi, sule shida. Ya yi sallama ya tafi da mai unguwa.

Sai da suka yi nisa Buba ya taso. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Da gangan kak kira shi, don ka ɗaure muna baki. Ko gaban alƙali ba mu iya kai ka. Kai dai ka iya lissahi, Labbo." Na ce zan biya kowa, ko shekara nawa zai ɗauka, gonata na nan. Buba ya juya mini baya. Ya raba dame goma sha tara, huɗu suka tashi hannu wofi, har da shi. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, furar ko rabi ba a sha ba.

Ban kira Sabiru don in ɗaure musu baki ba. Shaidu ya ce yana so. Ban ma yi tunanin haka ba sai da Buba ya faɗa. Ina jin ban yi ba.

Jibo ne ya rage. Na kwanto jakunan daga bayan gida na miƙa masa igiya, kowane da tasa. Ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "Baba, ai biyu kac ce an rubuta."

Na ce uku ne.

Ya daɗe yana shafa wuyan baƙin. Na ɗauka zai yi godiya, ko ya zage ni, ko wanne na shirya masa. Sai ya ce, "Ashe takardar na ƙarya." Ɗan'uwansa ya ɗora shi, suka kora jakunan suka tafi.

Lahadi, 1 ga Jimada Ula, da hantsi.

Jiya Ma'u ta sayar da akuya, na cika sule shida na kai. An ba ni 'yar takarda, an rubuta Labbo, manomi. Shekara goma sha ɗaya ina jin haushin ba a san sunan sana'ata ba, yanzu ba wanda zai sake wahalar nema mata gurbi.

An fara yankan dawa ta wajen Damba. Da asuba na ji jakuna sun wuce ta ƙofar gida, na san kukan na Buba. Ba su tsaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai, cikin su ashirin da uku ba wanda ya tambaye ni ina dawar ta tafi. Ko mutum ɗaya. Da sun tambaya da na faɗa musu maganar Wonaka daga farko har ƙarshe, su ji ko su da sun ƙi.

Na buɗe gafaka ɗazu, na nemo takardar Jibo, na rubuta damensa na uku a inda ya kamata ya kasance tun bazara. A ƙarƙashi na jera sunayen sauran da abin da kowa ke bina, dame ɗari da ashirin da ɗaya. Gonata tana ba da talatin in damina ta yi kyau.

Ma'u tana ta kwasar karan tana tarawa a bayan madafa. Ta ce zai kai mu har bazara ba mu sayi itace ba.